Ƙarin da ya fito wa 'yata a harshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya sai inji ƙirjina yayi nauyi in ajiye, yau dai nace bari in daure. Ni 'yar Kumo ce, aure ne ya kawo ni cikin Gombe, ina ɗan ɗinki a gida, maigidana kuma yana harkar hatsi a Tudun Hatsi, ba wai nashi bane, yaron wani ne, ana dai samun na cefane Alhamdulillah. Yaranmu huɗu, wadda zan bada labarinta ita ce ta biyu.

Kafin inzo kanta dole sai na faɗi abinda ya faru a gidanmu ina yarinya, in ba haka ba bazaku gane irin tsoron da na shiga ba. Ina da ƙani mai bi min, yana wajen shekara shida kumatunsa ya fara kumbura da farkon damina, aka ɗauka haƙori ne. Kafin kace me fuskar ta karkace, haƙoransa suna girgiɗi, ido ɗaya ya turo waje. Manya suka taru suka ce daji ne, kuma kowa ya san maganar da ake yi a garuruwanmu, wai daji baya son ƙarfe baya son allura, in aka kai asibiti aka taɓa shi to ya fusata kenan. Aka yi ta shafe-shafe da turare da jiƙe-jiƙe, ni nake bashi kunu da ƙaramin ludayi rabi na shiga rabi na zubowa ta gefen baki. Bai ga kaka ba Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan ko ƙurji na gani a bakin yaro sai gabana ya faɗi.

To a ƙarshen 2022, lokacin sanyi ya fara shigowa, yarinyata tana shekara bakwai, sai na lura ta koma cin abinci a hankali, kowa ya gama ya wanke hannu ita tana nan tana juya loma gefe ɗaya. Nayi ta mata faɗa ina cewa wasa take. Wata rana tace min Umma ni fa kullum sai na ciji harshena. Nace buɗe in gani, na haska da tocilan ɗin waya, sai ga wani abu a gefen harshen ta hagu can wajen turame, girmansa kamar gurjiya, sumul dashi ba miki ba ruwa, kalarsa kusan ɗaya da harshen sai dai ya ɗan yi duhu-duhu. Na wanke hannu na danna, tauri gareshi, nace da zafi? Tace a'a. Na tambayeta tun yaushe, tace ai ya daɗe tun yana ƙarami, bata faɗa bane don baya ciwo. Wallahi ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, a bakin gado na zauna.

Da Abbansu ya dawo na nuna masa, yace ke dai kin cika tsoro, ƙurji ne zai fashe. Ya je kamis aka bashi kafso da wannan shuɗin maganin da ake shafawa a baki, muka yi ta shafawa bakin yarinya yayi shuɗi har ana mata dariya a islamiyya, abu ko gezau. Bai ƙaru da sauri ba, bai kuma ragu ba, yana nan dai, in ka duba yau ka duba bayan sati biyu kamar ɗaya ne, sai an kwana biyu sosai zaka ce kai kamar ya ɗan ɗaga. Ni kuwa kullum sai na duba, da asuba in duba da dare in duba, har ta fara guduna in ta ganni da waya a hannu.

Maganar ta kai kunnen surukata, Inna, tace a kira wanzami ya tsaga ya matse kowa ya huta. Wanzamin nan shi ya cire wa duk yaran gidan beli, dattijo ne, kuma har gobe ina sa masa albarka. Ya zo ya shimfiɗa zabirarsa, yasa ta buɗe baki ya taɓa ya sake taɓawa, yayi shiru, sai ya fara maida kayansa. Inna tace lafiya? Yace Hajiya wannan ba aikina bane, ba ruwa a ciki ba mugunya, tsoka ce, ni bazan sa aska a harshen yarinya akan abinda ban sani ba, ku kaita asibiti. Ko kuɗin ƙafa bai karɓa ba.

Ni na ɗauka shikenan an samu mafita, ashe nan rigimar ta fara. Inna tace tunda har wanzami ya ja da baya to daji ne, kuma in dai tana numfashi ba mai kai mata jika a yanka mata harshe, a bari ayi na gida. Ba mugunta bane fa, tana son yarinyar sosai don sunanta aka sa mata, tsoro ne irin nawa sai dai ita nata ya kaita wani wajen ni nawa ya kaini wani wajen. Aka fara kawo rubutu, aka kawo wani garin magani a kwaɓa da zuma, wata maƙociya tace jifa ne aka yi min ya faɗa kan 'yar, wata tace ai taga irinsa a Dukku kwana kaɗan yaron yayi. Mutane ku ji tsoron Allah, in kunje duba mara lafiya ba dole bane sai kun bada labarin wanda ya mutu. Rubutun kam na bata, addu'a ai ba mai ƙinta, amma garin nan da ban san menene a ciki ba a bayan gida nake zubarwa.

Abbansu yana tsakiya, uwa a gefe mata a gefe, kullum sai yace ki ƙara haƙuri zan lallaɓa ta. Da na ga abin zai ja sai na kira Yayana babba, shi ne ya ɗauki gawar ƙaninmu a hannunsa wancan lokacin don haka ba sai na masa dogon bayani ba. Ya taso daga Kumo ya zo ya durƙusa gaban Inna ya gaisheta, yace Inna mu mun taɓa bin maganar kar a taɓa da ƙarfe, ba a taɓa ɗin ba, kuma mun binne shi, ki bari aje likita ya gani kawai, gani ai ba yanka bane. Tayi shiru ta daɗe, can tace kuje amma da sharaɗin ba mai sa hannu a takarda sai an dawo an faɗa mata.

Lokacin kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi, farkon 2023, duk wanda yake Najeriya ya san yadda aka sha. Tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ana gudunsu, sababbin babu, banki layi har titi, masu POS kuɗi suke sayar maka da kuɗi, taransifa kuma kayi ta tafi ta maƙale a sama. Kasuwar hatsi ta tsaya cak don mutanen ƙauye basa karɓar komai sai tsaba. Ɗan abinda Abbansu ya tara yana cikin asusu muna kallonsa a waya amma ko kuɗin Keke Napep sai mun yi dabara. A haka muka fara zirga-zirgar asibiti.

Aka yanki kati aka turamu ɓangaren haƙori, daga nan aka ce ba nan ba, akwai likitocin da aikinsu tiyatar baki da muƙamuƙi, su zasu gani. Likitan da muka samu ba Bahaushe bane amma yana jin Hausa ras. Yasa safar hannu ya kama harshen da ɗan bandeji ya jawo shi gefe, ya taɓa ƙarin, ya lalubi ƙasan haɓarta da wuyanta yana neman kaluluwa, yana tambayata Maman yarinya tun yaushe, yana jini, tana rama, tana zazzaɓin dare, haƙori na girgiɗi? Duk nace a'a. Sai kawai na fashe da kuka na bashi labarin ƙanina, nace likita don Allah kar ka ɓoye min, irinsa ne?

Ya bari na gama sannan yace abinda na kwatanta na ƙanina yayi kama da wata kansa da take kama muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro yayi yawa, wani likita Bature mai suna Burkitt ne ya fara bayaninta a Uganda a 1958 har ake kiranta da sunansa. Yace ita wannan saurin girma gareta, cikin satittika take canza fuska, kuma ba ma yanka ake mata ba, magani ake sawa ta jijiya, yara da yawa suna warkewa in an zo da wuri. Wannan maganar ta tsaya min a rai, wato dai akwai magani. Yace na 'yarki bai yi kama da shi ba, ya daɗe yana tafiya a hankali, yana da iyaka, yana motsi in an taɓa, duk alamu ne masu kyau, amma ba zan rantse miki ba, ba likitan da zai kalli ƙari da ido yace ga ko menene, sai an cire an kai lab an yanka shi siriri an duba a madubin likita. Tunda ƙarami ne gaba ɗaya za a cire, cirewar ita ce gwajin kuma in Allah yasa mai lafiya ne ita ce maganin.

Na tambayeshi maganar ƙarfe, ban ji kunya ba. Bai yi dariya ba, yace yana jin maganar nan kullum, kuma abinda yake jawo ta shi ne mutane basa zuwa sai ciwo ya ci jiki ya gama, in aka taɓa mara lafiya ya rasu sai ace wuƙa ce ta kashe shi, alhali ciwon ne ya riga yayi nisa.

Muka dawo muka faɗa wa Inna kamar yadda aka yi alkawari. Bata ce eh ba bata ce a'a ba, tace ɗanta ne uban yarinya, ya yi abinda ya gani. A wajen Inna wannan izini ne. Aka rubuta mana gwajin jini da hoto da kuɗin aiki, muka lissafa abin ya fi ƙarfinmu, na sayar da keken ɗinkina wa wata da muke adashe tare, Yayana ya cika sauran. Ranar da aka zo ɗaukar keken ban fito ba, a ɗaki na zauna har suka fita da shi.

Saboda yarinya ce kuma abin yana can ciki, aka ce sai an sa ta barci gaba ɗaya, ba allurar kashe wajen kawai ba. Tun tsakar dare aka hana ta ci da sha. Da safe tana ta cewa Umma ruwa kaɗan, ko na kurkure baki, ina ce mata anjima, wannan anjiman ya fi min komai ciwo. Abbansu ya sa hannu a takarda biro na rawa. Aka sa mata wata koriyar riga da ta mata yawa har ƙasa, nas ta riƙe hannunta suka shiga tana waiwayena. Ina juyowa sai ga Inna a bakin baranda da carbi da fulas, ita da tace ƙafarta bazata taka asibitin ba. Bamu ce wa juna komai ba, ta matsa min a benci na zauna.

Aikin bai daɗe yadda na zata ba. Likita ya fito yace Alhamdulillah ya fita gaba ɗaya, bai kama naman gefe ba, sai dai yayi jini fiye da girmansa don akwai jijiyoyin jini a jikinsa sai da suka ɗaure. Na bashi labarin wanzami, yace ku gode wa mutumin nan. Sai aka miƙo mana wata 'yar kwalba mai murfi da ruwan magani a ciki mai warin da yake hawa ido, an manna filasta an rubuta sunanta, ga abin nan a ƙasa yayi fari-fari, ɗan mitsitsi, aka ce mu kai lab mu biya mu karɓo rasit. Ni na riƙe ta a cikin hijabi har can. Ina tafiya ina kallonsa ina cewa yanzu kai ne ka hana gidanmu barci.

Jinyar bata yi wuya ba. Harshen ya kumbura kwanakin farko, magana bata fita sosai, yawu na zuba, abinci sai koko da ya huce da yogot da kunun gyaɗa, ba yaji ba mai zafi, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane ci. Zaren ɗinkin irin mai narkewa ne da kansa, ba a cire ba. Baki yana saurin warkewa, kafin azumi ya kama har ta koma tsokanar ƙannenta.

Wahalar gaske jiran sakamako ce, wannan kam ba wanda ya shirya ni. Kowa yana mana barka an yi aiki lafiya, ni kuwa na san ba a gama ba, takarda ɗaya ce zata faɗi ko mun tsira ko yanzu aka fara. Azumi ya shigo wajen ƙarshen Maris, in tashi sahur in kasa haɗiye komai, in yi ta kallonta tana barci. Da muka koma karɓa sai aka ce ba a kammala ba, wai a madubi ƙwayoyin sun nuna irin dogaye sirara, kuma ƙari kala-kala ne suke da wannan kamar, wasu masu lafiya wasu kuma kansa, don haka sai an ƙara wani gwaji na musamman da ake ɗiga wasu sinadarai a kan naman su nuna asalin inda ya fito, kuma da kuɗinsa daban. Ni dai kalmar kansa kawai naji, sauran bayanin Abbansu ne ya maimaita min a gida. Ranar a Keke Napep har muka iso unguwa ban san mun iso ba. 'Yan kunnena na aure suka tafi a wannan gwajin.

Ana cikin goman ƙarshe sakamako ya fito. Likita ya karanta ya ɗago yana murmushi yace Maman yarinya ba kansa bane. Nace ka sake faɗa. Ya sake. Yace sunansa layomayoma, kuma ya zauna ya mana bayani yadda zamu gane. Tsoka a jikin mutum ba iri ɗaya bace, akwai wadda kai kake juya ta yadda kake so, irin ta hannu da ƙafa da shi kansa harshen, akwai kuma mai aiki da kanta ba da saninka ba, irin ta hanji da mahaifa da wadda take zagaye da jijiyoyin jini tana matse su tana sakewa. To daga wannan ta biyun ƙarin yake fitowa. Yace kin san faibroid da yake damun mata? Nace sosai, yayar babana ma an mata aikinsa. Yace to dangi ɗaya ne, a mahaifa ya cika yawa don ita kusan duk irin tsokar ce, amma a baki irin tsokar nan kaɗan ce ƙwarai, kusan sai a bangon jijiyoyin jini, shi yasa da wuya a ganshi a nan, in ma an gani yawanci manya ne, a leɓe ko harshe ko ganɗa ko cikin kumatu, a yaro kuwa ba kasafai ba sam. Nata daga bangon jijiya ya taso, dalilin duhun da na gani kenan da kuma jinin da yayi.

Na jera masa tambayoyin da suka hanani barci. Wani abu na ci da cikinta? A'a. Rashin wanke baki ne? A'a. Ƙannenta zasu ɗauka in sun sha ruwa a kofi ɗaya? A'a, ba a ɗauka. Zai shafi haihuwarta nan gaba tunda dangin faibroid ne? Yace wannan na harshe ne kuma ya fita, ba ya yaɗuwa zuwa wani waje. Zai dawo? Yace in an cire shi duka da wuya ya dawo, amma mu riƙa kawota ana dubawa. Sai ya roƙi izininmu wai suna so su rubuta labarin ciwon don sauran likitoci su ƙaru, ba suna ba fuska, hoton harshen kawai da na lab. Abbansu ya kalleni na kalleshi muka ce a rubuta.

A barandar asibitin nayi sujjada mutane na wucewa. Sallar shekarar ba wanda aka yi wa ɗinki a gidanmu, ga tela ba keke, yara suka sa na bara, amma ban taɓa cin tuwon sallah da ya min daɗi irin wannan ba.

Yanzu tana aji biyar, in ta miƙo harshe akwai ɗan farin layi a gefen da ɗan lotsawa kaɗan, sai ka sani zaka lura. Magana ras, karatun Alƙur'ani ras, malaminsu ma yace harufan gefen harshe da nake tsoron zasu bata wuya tana fitar dasu daidai. Mun je dubawa kamar yadda aka ce har likita ya sallamemu yace sai in mun ga wani abu. Ni ce dai ban gama warkewa ba, har yanzu in tana hamma sai na leƙa, tace kai Umma. Keke kuma na samu na hannu da kuɗin adashe, ba kamar nawa na da ba, yana yawan tsinke zare, amma ana lallaɓawa.

Abin dariya yanzu a unguwa an maida ni likitar baki, duk wadda ɗanta ya fito da wani abu sai ta kawo min in duba. Kwanaki wata ta kawo ɗanta da ƙululu a leɓen ƙasa mai laushi kamar da ruwa a ciki, nace ni bazan iya ce miki komai ba, wanda ya karanta ma yace ido baya ganewa, amma zan raka ki. Muka je, nasa ashe yawu ne ya taru don yana yawan cizon leɓen, ko barci ba a sa shi ba aka cire.

Inna kuwa har yau in maganar ta taso cewa take rubutun da ta bayar ne ya sanyaya dajin ya koma mai lafiya kafin likita ya taɓa. Abbansu ya taɓa buɗe baki zai yi mata bayanin lab na taka masa ƙafa. Wancan satin ma da ƙanwarsa ta kira daga Bajoga tace 'yarta ta fito da wani abu a dasashi, Inna ce ta karɓi wayar tace maza ku taho Gombe a cire a kai lab, ni zan aiko da rubutu ku haɗa.